Tsakuwa a Gurbin Ƙwai

Shekara tara ina fama da gyambon hanji kafin na yarda a rubuta sunana a cikin masu lalura. Likitoci suna da dogon sunan da suke kiransa da Larabci. Ni dai abin da na sani shi ne idan ya tashi ba ya jiran kowa. Daga ɗakina zuwa bayi taku goma sha ɗaya ne, kuma akwai ranakun da takun nan suka yi mini nisa. Yakan kwanta wata biyu ko uku har in fara mantawa, sai ya dawo ya tare a jikina makonni.

Gidana yana unguwar Harra ta Gabas a Madina, a lungun da mota ba ta shiga sai dai ta tsaya a baki. Ni kaɗai nake ciki tun rasuwar maigidana. 'Yata ɗaya ce, tana aure a Yanbu. Ƙanina kuwa yana da ɗan shago a Uhudu, yana sayar wa masu ziyara dabino da carbi, yakan leƙo ni duk bayan kwana biyu.

Wata ranar Talata da hantsi ya zo ya yi ta buga ƙofa ba a buɗe ba. Da ya shiga da nasa makullin sai ya same ni kwance a bakin bayi. Jini ne ya yi mini ƙaranci, jiri ya kwashe ni. Kwana huɗu na yi a asibiti. Ranar da aka sallame ni 'yata ta zauna a bakin gadona, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci kamar yadda ta saba.

"Ummi, halas, ya isa haka," in ji ta. "Ko dai a samo mai aiki ta zauna da ke dare da rana, ko ki tattara mu tafi Yanbu. Na gyara miki ɗaki, tagarsa tana kallon teku."

Na ce mata ba teku nake nema ba. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka yi shekaru a hanya, ba don komai ba sai don ajalinsu ya same su a Madina. Uwata da ubana da maigidana duk suna kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ni da aka haifa a nan, sai da tsufa ya zo sannan zan kwashe kayana in bar garin saboda cikina? Na ji kunyar faɗar haka ma.

To, mai aiki ba a kyauta take zuwa ba. Albashinta 'yata da ƙanina suka ce za su raba. Abin da ya gagare mu shi ne rusum, wato kuɗin da gwamnati take karɓa kafin a shigo da mai aiki da kuma na takardar zamanta. Ƙanina ne ya jiyo a bakin wani maƙwabcin shagonsa cewa wanda aka yi wa rajista a cikin masu lalura ana ɗauke masa wannan. Sai dai sai mutum ya kai rahoton asibiti, kuma ya zauna a gaban lajana, kwamitin likitoci ke nan, su yi masa tambayoyi.

Mako biyu ban yi barcin kirki ba. Ƙafafuna biyu suna tafiya, idanuna suna gani. Idan na karɓi abin da aka ware wa guragu da makafi, me zan ce ranar da za a tambaye ni? Sai da na je wurin malamar da muke ɗaukar karatu a gidanta ranar Lahadi, na jira kowa ya watse, na faɗa mata. Ta tambaye ni ko ina sallar farilla da alwala ɗaya irin ta mai uzuri idan ciwon ya tashi. Na ce ina yi, ita ce ma ta koya mini. Ta ce, "To kin karɓi sauƙin Ubangiji, na hukuma ne ya fi ƙarfinki? Ke dai kada ki ƙara, kada ki rage. Su likitocin su yanke." Na riƙe "kada ki ƙara" da hannu biyu. "Kada ki rage" kuwa a bakin ƙofarta na bar shi.

Ga yadda na shirya wa zaman farko. Duk wanda yake da irin ciwona ya san dabarar fita: ba a cin abinci. Idan zan je biki ko gaisuwar rasuwa, tun jajiberi nake rufe bakina, sai ruwa kaɗan da shayi. Da yake wannan fita ce zuwa gaban manyan mutane, sai na yi kwana biyu cur ban ci ba. Na yi wanka, na sa sabuwar abayata, na turara ta, na sa kwalli. A gidanmu haka aka koya mana: ba a zuwa gaban mutane a wulaƙance. Inna, Allah ya jiƙanta, ko tana naƙuda aka ce "ya jiki?" sai ta ce "da sauƙi". Ta sha gaya mana cewa mai yawan faɗar ciwonsa ƙarar Ubangijinsa yake kaiwa wurin bayinsa. Zancen bayan gida kuwa, mace ba ta yinsa a gaban namiji, ko da ɗan'uwanta ne.

Likitoci uku ne a ɗakin, duk maza. Babbansu mai furfura ya duba takardata ya ce, "Ya Hajja, yaya jikin?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, cikin ni'ima."

"Yau sau nawa kika shiga bayi?"

Fuskata ta ɗauki zafi a bayan niƙabi. Amma tambaya ce mai amsa, kuma gaskiyarta sau ɗaya ne, tun da ba abin da ke cikin. Na ɗaga yatsa ɗaya.

"Jiya fa?"

Na ɗaga biyu.

"Kina iya girki? Kina wanka da kanki? Kina fita?"

Duk na ce ina yi, domin akwai ranakun da nake yi. Na ji tsoron in ce ba na iyawa alhali ranar Juma'ar da ta wuce ni na dafa wa kaina miyar kuka. Ba su ɓata mini rai ba, sun yi mini addu'a har bakin ƙofa. Bayan kwana goma saƙo ya shigo wayata cewa bisa abin da suka gani lalurata ba ta kai ba.

Da ƙanina ya ji yadda aka yi, sai ya dafe kai.

"Yaya, lajana aka kai ki ko ɗaurin aure? Ni da na ɗauke ki a bakin bayi kamar tsumma, sai ki je ki ce musu kina cikin ni'ima?"

"To ba na ciki ne?"

"Kina ciki mana! Har da kwalli! Wallahi da ni ne likitan, da aiki zan ba ki."

Ranar 'yata ta bugo ta ce ta sayi labule na ɗakin nan mai kallon teku.

Akwai wata mai ba da magani a kantin maganin da ke bakin titinmu, 'yar Kano ce, aiki ya kawo ta Madina. Daktora muke ce mata. Ita kaɗai ce nake iya buɗe wa cikina, domin mace ce kuma da Hausa muke yi. Da na ba ta labari ta yi dariya har sai da ta kama kanta, sannan ta ce a yi haƙuri.

"Mama, ba ƙarya kika yi ba, amma ranarki mafi kyau kika kai musu. Su kuwa watanki suke son gani. Ana iya sake nema. Ga wannan." Ta miƙo mini kalanda irin wadda kamfanonin magani suke rabawa. "Duk shiga ɗaya, ki ja layi ɗaya a gidan ranar. Idan kin ga jini ki yi da'ira. Wata guda cif. Kuma ranar zaman ki ci abincinki kamar kullum."

Na kai kalandar gida, na buɗe, sai na ga kowane shafi da lokutan salla a jere, ga aya a samansa. Na rufe. Yaya zan ja layin shiga bayi a ƙarƙashin aya? Na ɗauko littafin rubutu na jikata da ta bari, shi ma da bisimilla a bangonsa. Ko da farar takarda ce, ni dai raina bai kwanta da ajiye rubutu a ƙofar bayi ba, kuma idan na ce sai na dawo ɗaki zan rubuta, na san halina: zan zauna ina shakka, na rubuta ko ban rubuta ba, in ƙara layi in yi ƙarya, ko in bari in yi ragi. Carbi ya faɗo mini a rai, na yi istigfari. Ƙwallon dabino ma na ƙi, dabinon Madina ne.

Ina wanke-wanke sai idona ya faɗa kan tabak ɗin ƙwai, faifan kwalin nan da ake jera ƙwai a kai. Na ƙirga gurabensa, talatin. Wata guda ke nan. Na fita bayan gidanmu inda baƙin dutsen Harra yake a farfashe, na tsinto ƙananan tsakuwa cike da gwangwanin madara, na wanke su, na shanya. Na ajiye tabak ɗin a kan kujera nesa kaɗan da ƙofar bayi. Duk fitowa, bayan na wanke hannu, tsakuwa ɗaya a gurbin ranar. Idan da jini, sai in haɗa da ƙwayar jan wake.

A nan ma ban tsira daga tambaya ba. Akwai lokacin da cikin yake murɗawa in ruga, in zauna, ba abin da ya fito. Wannan shiga ce ko ba shiga ba? Sai da na taka har kantin magani na tambaya. Daktora ta ce, "Kin bar abin da kike yi kin ruga?" Na ce har tukunya na bari a wuta. Ta ce, "To sa tsakuwa." Ban gamsu sosai ba, don haka irin waɗannan na riƙa sa musu farar tsakuwa, don kada su shiga cikin baƙaƙen su yi mini shaidar da ban cancanta ba.

Watan ya zo da kwanakin sauƙi a farkonsa, gurbi da uku, gurbi da huɗu. Daga rana ta goma sha biyu ciwon ya tashi. Akwai gurbin da ya cika har na riƙa ɗora tsakuwa a hankali kamar mai gini. Ni kaina da na tsaya na dubi tabak ɗin a ƙarshen mako na uku, sai da na zauna. Shekara tara ina cikin abin nan ban taɓa ganinsa a waje ɗaya ba.

Ƙanina ya zo ya gani, ya tsuguna yana dubawa.

"Wannan layin na sama ya rame, Yaya. Bari in ɗan ƙara masa taki." Ya kai hannu gwangwani.

Na buge hannun da ludayi. "Taɓa ka gani, ɗan nema."

"Guda biyu kawai! Wa zai sani?"

"Wanda ya halicci dutsen."

"To Allah ya ba ki haƙuri. Ke da za a ba ki riƙon ma'aunin dabinona, da na rufe shago tuni."

Ranar zama na biyu na karya da gurasa da shayi da madara, kamar yadda aka ce. Na ci ina sane da abin da nake gayyata. Ban sa kwalli ba, amma abayar dai na goge ta, wannan kam ba zan iya bari ba. Na rufe tabak ɗin da wani tabak, na ɗaure da zare, na ɗora a cinyata a motar ƙanina. Shirina shi ne in ajiye musu a tebur, su ƙirga da kansu, ni ko uffan ba sai na ce ba.

Mun kusa isa sai wata mota ta yanko gabanmu. Ƙanina ya taka birki da ƙarfi. Na ji ƙarar tsakuwa tana gudu a cikin kwali. Da muka tsaya na kwance zaren, layuka biyu na tsakiya sun gauraye, wasu guraben sun cika sun tumbatsa, wasu sun koma wayam.

"Ma'alesh, ba komai," in ji ƙanina. "Mu daidaita su. Ai kin tuna kusan yadda suke."

"Kusan ba shi ne ba."

"Yaya, don girman Allah."

Ban bari ya taɓa ba. Haka na shiga da shi.

Likitocin nan uku ne dai. Mai furfurar ya gane ni. Na ajiye tabak a gabansa, na ɗaga murfin. Ƙaraminsu ya leƙo ya ce, "Mene ne wannan, ya ummi?" Suka zuba mini ido. A nan na gane cewa tsakuwa ba ta magana. Ko da ba ta gauraye ba, sai wani ya faɗi abin da take nufi, kuma ba kowa a ɗakin da ya sani sai ni.

Na dubi tabak ɗin, ban dubi fuskar kowa ba. Na ce kowane gurbi rana ce. Baƙar tsakuwa shiga bayi ce. Fara ita ce na ruga ban yi komai ba, in sun ga dama su cire ta. Jan wake jini ne. Na nuna layuka biyun na ce waɗannan kwana goma sun gauraye a mota yanzun nan, jimillarsu daidai ce amma ba zan rantse a kan ranakunsu ba, kada su rubuta su da sunana. Sauran ashirin kuwa na tsaya a kansu ko a gaban alƙali.

Mai furfurar ya sa bakin alƙalaminsa yana juya tsakuwar wani gurbi yana ƙirgawa. Ya ce, "Wannan ranar, kin yi girki?"

Na ce ban yi ba. Ban yi wanka ba sai bayan la'asar, shi ma a zaune. Na ce a irin wannan ranar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar bayi in wuni a nan, domin komawa ɗaki asarar tafiya ce.

"Me ya sa ba ki faɗa mana haka wancan karon ba?"

"Kun tambaye ni yau da jiya, na ba ku yau da jiya. Kwana biyu na yi ban ci abinci ba don kada in ji kunya a gabanku."

Ya ajiye alƙalamin ya dubi abokansa. Daga nan tambayoyin suka canza. Ya tambayi faɗuwar da na yi, da wanda yake tare da ni a gida, da yadda nake zuwa karɓar magani. Ina cikin amsawa sai gurasar safe ta iso inda za ta. Na san murɗawar nan, na san ba ta ba ni fiye da minti biyu. A da, da na daure na haɗa gumi ina ta amsa tambaya har abin da zai faru ya faru. Na miƙe tsaye na ce da Larabci, da muryar da duk ɗakin ya ji, "Ku gafarce ni, ina bayinku yake? Yanzu."

Ƙaramin likitan ya riga ni zuwa ƙofa ya buɗe, ya nuna mini hagu. Na isa a kan lokaci. Da na dawo suna jirana, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya kawar da kai. Na zauna, na gyara niƙabina, muka ci gaba daga inda muka tsaya.

A mota ƙanina ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce na faɗa musu komai.

"Komai? Da bakinki?"

"Da na wa?"

Sai da muka wuce fitilun hanya biyu, sannan ya ce shi ma akwai wani abu da yake damunsa wajen fitsari kusan shekara guda, bai gaya wa kowa ba. Na ce gobe da safe zan raka shi asibiti, kuma idan ya ce wa likita "cikin ni'ima" da takalmi zan bi shi.

Saƙon ya zo bayan mako biyu. Na karanta shi sau uku, sannan na kai wa Daktora ta sake karanta mini, don kada idona ya ƙara wani abu. An yi mini rajista, an ɗauke mini rusum ɗin shigo da mai aiki. Na tambaye ta ko akwai wani abu a ciki da ya wuce haƙƙina in mayar. Ta ce, "Mama, je ki gida." Na buga wa 'yata na ce ta ba surukarta ɗakin, ita ce mai son iska.

Wata uku bayan haka mai aikin ta iso, mace mai matsakaicin shekaru, Musulma daga gabar tekun Kenya. Larabcinta kaɗan ne, Hausa kuwa babu ko ɗaya. Na zagaya da ita gidan, na nuna mata ɗakinta da madafa da inda nake ajiye magani. Sannan na zaunar da ita na yi mata bayani da baki da hannu: cikina ba shi da lafiya, idan ta ga na tashi da sauri kada ta tsaya a hanya kuma kada ta tambaye ni, idan na daɗe a ciki ta buga ƙofa sau biyu, idan ban amsa ba ta shigo. Ta gyaɗa kai, ta ce mahaifinta ma ya yi jinya a hannunta.

Ta tambaye ni ko masallacin Harami yana da nisa daga nan, domin ba ta taɓa gani ba sai a hoto. Na duba agogo, na saurari cikina, na ji yana kwance. Na ce ta ɗauko jakata da ƙaramar kujerata ta ninkewa. Muka fita bakin lungu muka tari mota, muka samu sallar la'asar a sahun mata, ita tana kuka, ni ina nuna mata inda za ta ajiye takalmanta don kada su ɓata.